Mutanen Koriya a Ƙasashen Baƙunci

Mazauna zangunan Ankara, babban birnin Gana, sun saba da Kwarori da Indiyawa da 'yan ƙasar Sin, gama suna ciniki da su kullum. Akwai kuma wata ƙaramar al'umma wadda ba a cika lura da ita ba, watau mutanen Koriya. 'Yan ɗaruruwa ne kawai, yawancinsu suna zaune a Tema, kamar kilomita 25 gabas da Ankara, inda suke sana'ar kama kifin tuna. Mutumin Alajo ko Nima in ya gan su a kasuwa yakan ɗauka 'yan Sin ne, alhali kuwa al'umma ce dabam mai harshenta da rubutunta da tarihinta.

Waɗannan na Tema ƙaramin reshe ne na babban itace. Mutanen Koriya da zuriyarsu da ke zaune a wajen ƙasarsu sun kai kamar miliyan 7, mafi yawansu a Amurka da Sin da Japan, wajen rabin miliyan kuma a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Fari da yunwa ne suka kori waɗansu, mulkin mallaka na Japan ya kori waɗansu, waɗansu kuwa neman abinci ne ya fitar da su. Tarihinsu yana amsa wata tambaya da ta shafi kowane gida a zango: idan mutane suka zauna nesa da ƙasar kakanninsu, me ke riƙe musu harshensu, me kuma ke ƙwace shi?

Bishara ta fara a wurin fatake

A ƙarni na 19 sarakunan Koriya sun rufe ƙasarsu, ba shiga ba fita sai da izini. An kashe dubban 'yan Katolika a tsanantawar da ta fara cikin shekara ta 1866. Amma kusa da iyakar Koriya da Manchuriya, a arewa maso gabashin Sin, akwai wata kasuwa da ake kira Ƙofar Koriya, inda ake barin fatake su yi ciniki a waɗansu lokuta na shekara. Can ne John Ross, wani ɗan mishan daga Sukotlan, ya sadu da fataken Koriya cikin shekara ta 1874. Daga baya ɗaya daga cikinsu, Yi Ung-chan, ya yarda ya koya masa harshen. Wani kuma mai suna Seo Sang-ryun, mai fataucin saiwar magani, ya kwanta ciwo a baƙunci, 'yan mishan suka yi jiyyarsa har ya warke, ya kuwa ba da gaskiya. Da taimakon waɗannan fatake aka buga Bisharar Luka da harshen Koriya a birnin Mukden cikin 1882, aka gama Sabon Alkawari cikin 1887.

Rubutun da suka zaɓa shi ne ya ba aikin ƙarfi. Malamai da masu sarauta na Koriya da haruffan Sin suke rubutu, waɗanda sai mutum ya yi shekaru kafin ya iya su. Amma akwai wani rubutu mai sauƙi da ake kira Hangul, wanda Sarki Sejong ya fitar wa jama'a cikin 1446, manyan mutane kuwa suna raina shi, suna cewa na mata ne da talakawa. Da shi aka buga Bishara. Seo Sang-ryun ya ɗauki littattafan ya ƙetare iyaka, shi da ƙanensa suka tara masu bi a ƙauyen Sorae. Saboda haka sa'ad da 'yan mishan na Amurka, Horace Underwood da Henry Appenzeller, suka sauka a Incheon ran Lahadin Tashin Almasihu cikin 1885, Maganar Allah ta riga su shiga ƙasar. An gama dukan Littafi Mai Tsarki cikin 1911, shekara guda bayan Japan ta haɗiye Koriya.

Mai karatun Hausa zai ga kamanni a nan. James Schön, Bajamushen da ya fara fassara Bishara da Hausa, a wurin 'yantattun bayi a Saliyo ya fara koyon harshen. Daga baya ya yi aiki a Ingila tare da Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi can cikin 1855, aka buga Bisharar Matiyu cikin 1857. Dukan Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikin 1932. A harsunan nan biyu, mutanen da ke nesa da gida ne suka fara sa Maganar Allah a bakin 'yan'uwansu.

Waɗanda suka tafi da ikkilisiyarsu

Ran 13 ga Janairu, 1903, jirgin ruwa ya iso Honolulu da mutanen Koriya 102, cikin tsibiran Hawai, domin aikin gonakin rake. Da yawa daga cikinsu 'yan ikkilisiyar Metodis ta Naeri ne a Incheon. Kafin a hana wannan fita cikin 1905, fiye da mutum 7,000 sun iso. Suna aiki awa goma a rana a kan lada kaɗan, duk da haka shekarar farko ba ta ƙare ba sai da suka kafa ikkilisiya a Honolulu. Ɗakin sujada a gonakin rake shi ne makarantar dare inda yara ke koyon Hangul, shi ne kuma wurin da ake tara gudunmawa domin 'yancin Koriya.

Da Amurka ta sauya dokar shigowar baƙi cikin 1965, dubun dubatar mutanen Koriya suka kwarara can, suka bi sawun na farko. Sabon zuwa yakan sami masauki da aiki da tafinta ta hannun ikkilisiya, ran Asabar kuma a buɗe ajin harshen Koriya domin yara. Amma abin bai tafi sumul ba. Cikin shekarun 1990 fastoci suka fara kukan samari suna janye jiki daga sujada, domin wa'azin da harshen iyaye ne, su kuwa Turanci ya fi zama a bakinsu. Inda aka koya wa yaro karatu tun yana ƙarami yakan riƙe harshen, inda aka bar shi da sauraro kawai yakan sake shi.

Akwai wani darasi mai ɗaci kuma. 'Yan Koriya da yawa sun buɗe kantuna a unguwannin baƙaƙen fata na birnin Los Angeles, amma ba can suke kwana ba, ba can suke sujada ba, tsakaninsu da maƙwabta sai miƙo kuɗi karɓi kaya. Ran 29 ga Afrilu, 1992, da kotu ta saki 'yan sandan da suka yi wa wani baƙar fata mai suna Rodney King dūka, tarzoma ta ɓarke, aka ƙone ko aka wawashe kantunan 'yan Koriya fiye da 2,000. Bayan wannan masifa fastocin ɓangarorin biyu suka ƙara himma wajen yin sujada tare da ziyartar juna. Zumuntar da ta riƙe su a cikin gida ba ta isa ta tsare su ba, tun da ba ta kai ga maƙwabta ba.

Waɗanda aka rufe wa makaranta

Tun wajen shekara ta 1863 manoman arewacin Koriya suka fara ƙetare kogin Tumen zuwa gabashin Rasha, yunwar 1869 kuma ta ƙara koro dubbai. Suka sare daji, suka noma shinkafa, suka kafa unguwarsu a birnin Vladivostok. Ikkilisiyar Koriya ta aika musu da mai bishara cikin 1909, amma bayan 'yan gurguzu sun kama mulki aka rurrufe ɗakunan sujada. Duk da haka makarantu sun ragu musu. A farkon shekarun 1930 suna da makarantu fiye da 300 masu koyarwa da harshensu, da kwalejin horon malamai, da jarida, da gidan wasan kwaikwayo.

Ran 21 ga Agusta, 1937, Stalin ya sa hannu a kan wata doka wadda ta ce a kwashe su duka daga kan iyaka, wai domin kada su yi wa Japan leƙen asiri. Mutanen da suka gudu daga Japan, su aka zarga da yi mata aiki. Cikin 'yan watanni aka loda mutum wajen 172,000 a taragun kaya da na dabbobi, cikin jiragen ƙasa 124, aka yi tafiyar kamar kilomita 6,000 da su zuwa Kazakistan da Uzbekistan. Tafiyar takan ci wata guda. Waɗanda aka sauke a Ushtobe a watan Oktoba ba su tarar da gidaje ba, sai suka haƙa ramuka a gindin tudu suka yi hunturu a ciki. Dubbai suka mutu, yawancinsu jarirai da tsofaffi. Har yau zuriyarsu suna tunawa da alherin makiyayan Kazakistan, Musulmi, waɗanda su ma ba su daɗe da fita daga muguwar yunwa ba, amma suka raba abincinsu da baƙin da aka zubar musu a ƙofa.

Mutanen nan ba su lalace ba. Suka mai da fadamu da jeji gonakin shinkafa a Kzyl-Orda da kewayen Tashkent, 'ya'yansu suka zama malamai da likitoci da injiniyoyi. Sai dai cikin 1938 gwamnati ta umarta a daina koyarwa da harshen Koriya, kome ya koma Rashanci. Tsofaffi suka ci gaba da magana da shi a gida, 'ya'yansu suna ji suna amsawa da Rashanci, jikokinsu kuwa ko jin ma ba su yi. A ƙidayar 1989, cikin mutum wajen 439,000, rabi ne kawai suka ce harshen Koriya ne harshensu na gida, masu iya karanta shi kuwa ba su kai haka ba.

Abin da ya ragu shi ne abinci da bukukuwa. A Koriya ba a cin abinci sai da kimchi, watau kabeji da aka jiƙa da gishiri da barkono da tafarnuwa har ya yi tsami. Da matan suka rasa irin kabejinsu, suka yi da karas, har kwaɗon karas ɗin nan ya zama sananne a dukan kasuwannin Sobiyat. Suka riƙe bikin cikar yaro shekara guda, da na cikar dattijo shekara 60, da ranar gyaran kaburburan iyaye. Amma bayan rushewar Tarayyar Sobiyat cikin 1991, da masu bishara suka zo daga Koriya ta Kudu, sai da tafinta suka yi wa 'yan'uwansu wa'azi. Waɗanda suka tafi Koriya neman aiki kuma suka tarar da kansu baƙi a ƙasar kakanninsu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A ƙasar Sin labarin ya sha bamban, dalilin kuwa a fili yake. Cikin 1952 aka ba 'yan Koriya na yankin Yanbian ikon tafiyar da harkokinsu, aka bar musu makarantunsu daga firamare har jami'a. Shi ya sa harshen ya fi daɗewa da ƙarfi a can. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 1.7, amma da matasa suka watse zuwa manyan birane da Koriya ta Kudu, makarantun ƙauyuka suka yi ta rufewa, harshen kuma ya fara ja da baya.

Waɗanda aka ƙwace wa suna da ƙasa

A zamanin mulkin mallaka, talauci ya kai 'yan Koriya ma'adinai da masana'antun Japan, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka kwashi waɗansu da ƙarfi. Ran 1 ga Satumba, 1923, girgizar ƙasa ta rushe Tokyo da Yokohama, sai aka baza jita-jita cewa 'yan Koriya suna zuba guba a rijiyoyi. 'Yan banga suka tare hanyoyi suna sa mutum ya faɗi waɗansu kalmomin Japananci masu wuya a bakin ɗan Koriya, wanda lafazinsa ya tona shi a kashe shi. Mai karanta Littafin Mahukunta sura 12 ya san irin wannan gwaji. Dubbai suka hallaka. Cikin 1940 kuma aka matsa wa 'yan Koriya su ɗauki sunayen Japanawa.

Da yaƙi ya ƙare cikin 1945 akwai 'yan Koriya wajen miliyan 2 a Japan. Yawancinsu suka koma gida, kamar 600,000 suka zauna. Abu na farko da suka yi shi ne buɗe ɗaruruwan makarantu da kuɗin aljihunsu, domin 'ya'yansu su koyi harshen da aka hana su. Cikin 1948 aka ba da umarni a rufe su, jama'a suka fito zanga-zanga a Osaka da Kobe, 'yan sanda suka harbe wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Kim Tae-il. Ran 28 ga Afrilu, 1952, aka soke musu zama 'yan ƙasar Japan gaba ɗaya, har da waɗanda aka haifa a can. Suka wayi gari baƙi, dole su riƙa yawo da katin shaida, su riƙa dangwala yatsa a ofis kamar masu laifi.

Masu bi kaɗan ne a cikinsu, amma sun tsaya a gaba wajen neman gaskiya. Cikin 1970 kamfanin Hitachi ya janye aikin da ya ba wani saurayi, Pak Chong-sok, da aka gane ɗan Koriya ne mai amfani da sunan Japanawa. Ikkilisiyoyi a Japan da Koriya suka goyi bayansa, ya ci shari'a cikin 1974. Cikin 1975 Fasto Choi Chang-hwa ya kai gidan rediyo da talabijin na NHK ƙara domin sun ƙi kiran sunansa bisa lafazin Koriya, diyyar da ya nema kuwa yen guda ce tak. Kotun ƙoli ba ta ba shi gaskiya ba cikin 1988, amma kafin nan gidan ya riga ya fara gyara yadda yake kiran sunayen Koriya. An soke dangwala yatsa ga mazaunan dindindin cikin 1993. A yau Japananci ne harshen yawancinsu, waɗanda suka iya harshen Koriya sosai kuwa galibi su ne waɗanda suka bi ta makarantun al'ummar.

Daga Tema zuwa Alajo

An buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema cikin 1962, daga baya masuntan Koriya suka iso da jiragensu. Gana da Koriya ta Kudu suka ƙulla hulɗar jakadanci cikin 1977. Fitacce cikin na farko shi ne Kim Bok-nam, wanda ya kafa kamfanin kifi na AFKO, akwai ma filin wasan golf a Ankara mai ɗauke da sunansa. Bayan masunta, 'yan mishan suka biyo. Ɗan ɗaya daga cikinsu, Kojo Choi, ya zo Gana yana yaro a farkon shekarun 1990, ya yi makaranta a Tema da Jami'ar Gana ta Legon, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Cikin 2025 Shugaba John Mahama ya zaɓe shi jakadan Gana a Koriya ta Kudu, sai muhawara ta tashi a kan ko wane ne ɗan Gana na ainihi.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a zango. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, yaƙin Salaga na 1892 ya watsa da yawansu zuwa kudu, Malam Amadu Futa kuma ya sami filin Nima cikin 1931. Duk da haka ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, dubun dubatar mutane suka sayar da kayansu a wulaƙance suka kama hanya, har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai Gana. Cikin 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Gana wajen miliyan guda irin wannan kora. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Iyayen da suka yi wa jariri rajistar haihuwa, suka adana takardun gida, sun yi masa tanadin da 'yan Koriya na Japan suka rasa cikin 1952.

Maganar harshe ta fi wannan gaggawa, gama ba ta jiran dokar gwamnati. Masu bi na Alajo da Nima da Maamobi sun fito daga arewacin Gana da Burkina Faso da Togo da Nijar da arewacin Nijeriya. Da yawansu suna da harshen kakanni, kamar Kusasi ko Frafra ko Mosi, Hausa kuwa ita ce ta haɗa su a kasuwa da sujada. Gidan rediyon Gana yana watsa labarai da Hausa, amma ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta tsara a koyar a makarantunta. Yaron zango yana jin Hausa a lungu, yana karatu da Turanci, in aka miƙa masa Littafi Mai Tsarki na Hausa sai ya yi ta in'ina. Nan ne daidai inda 'yan Koriya na Kazakistan suka tsaya bayan 1938, kuma an ga inda hanyar ta kai su. Nehemiya ma ya tarar da irin waɗannan yara a Urushalima, abin ya dame shi ƙwarai.

Ikkilisiya tana da abin da ake bukata: ɗaki, da allo, da littafi, da dattawan da suka iya karatu. Rabin awa kowace Lahadi na koyon karatun Hausa da na harshen kakanni, a makarantar Lahadi ko a Zumuntar Mata, shi ne irin aikin da ma'aikatan rake suka yi a Hawai bayan aikin awa goma. Samari kuma su zauna da tsofaffin da suka ga 1969 su rubuta labarinsu tun suna da rai.

Sai dai kada riƙon harshe ya zama katanga. Wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa kamammu a Babila ta gargaɗe su su zauna da gaske a birnin baƙuncinsu, su kuma yi masa addu'a. Masu bi na zango suna shan ruwan famfo ɗaya da maƙwabtansu Musulmi, harshe ɗaya suke yi da su, ambaliyar Odaw kuma in ta zo Alajo ba ta tambayar addinin mai gida. A Ushtobe maƙwabci ne ya ceci baƙo, a Los Angeles kuwa baƙo ya rasa mai tsaya masa domin bai san maƙwabcinsa ba. Ubangiji ya ba ikkilisiyoyin zango hikima su koya wa 'ya'yansu karanta Maganarsa da harshen iyayensu, su kuma zama albarka ga unguwannin da ya zaunar da su.